Fusae da Wuyan Rigar Mota

Ranar jana'izar Fusae Mizutani, tsofaffin motoci tara ne suka jeru a lungunmu, lungun da ko motar kwasar shara da baya take shiga. Duk ƙirar Misago ce, wadda aka daina yi tun muna 'yan mata. Baƙi suka riƙa tambaya me ya haɗa masu motocin nan da matar da har ta bar duniya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Mu da muka zauna benci ɗaya da ita tun aji ɗaya mun san amsar, sai dai ranar bakinmu ya yi nauyi.

Fu-chan muke ce mata. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake ji daga bayan layin dogo. Mahaifinta manomin albasa ne a gefen garinmu, yamma da Nagoya. Tana gama ƙaramar sakandare, tana da shekara goma sha biyar, aka kai ta wurin maigida Yokoi, inda ake narka garin gilashi a kan jan ƙarfe a yi kwanuka da tuluna na ado, sana'ar da aka san garinmu da ita. Shekara guda ba ta yi komai ba sai wanke garin gilashi. A zuba ruwa, a motsa, a tsiyaye, har sau bakwai, sai ruwan ya fito garau. Ta kan ce a shekarar nan ta koyi haƙuri, kuma a nan ta ƙarar da shi gaba ɗaya.

Sai aka kawo wa maigida Yokoi aikin tambarin gaban mota daga kamfanin Misago. Aka zaunar da 'yan mata shida a dogon tebur, Fusae a ƙarshe kusa da taga. Shekara ɗaya da rabi suka yi suna wannan aiki, kafin kamfanin ya ga gilashi yana yawan tsagewa da sanyi ya koma wani tambarin roba mai zagaye. Bayan 'yan shekaru kamfanin kansa ya rufe. Fusae ta auri Shozo direban bas, ta yi aikin girki a makarantar firamare shekara ashirin da biyu, ta binne miji, ta tsufa a kan kekenta mai burki mai kuka. Amma a rumfar bayan gida ta ajiye ɗan tanderun lantarki, tana yi wa tsofaffin unguwa abin maƙalawa a ƙirji da maɓallan riga, tana yi musu faɗa idan suka zaɓi launin da bai dace da su ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Tsuneo Bando mai awara. Ta goya shi yana jariri, don haka ko da furfura ta cika masa kai, a wurinta yaro ne. Matarsa ta rasu 'yarsu Chizuru tana da shekara shida. Tsuneo kuwa hannunsa a cikin ruwan waken suya yake tun kafin gari ya waye, sai ya zama Fusae ce ke taje wa yarinyar kai, ita ke haɗa mata abincin makaranta, ita ta ɗaura mata kimono, rigarmu ta gargajiya, karo na farko ranar bikin cika shekara bakwai. Fusae ba ta haifi mace ba. Ba ta taɓa cewa Chizuru 'yarta ce ba, amma kowa ya san kada ya taɓa yarinyar a gabanta.

A bayan shagon awara akwai Misago ta mahaifin Tsuneo, a ƙarƙashin tamfol, kyanwoyi suna haihuwa a kujerar baya. Da Chizuru ta girma ta sami miji, sai ta ce ita ba ta son motar haya, a motar kakanta za a kai ta wurin ɗaurin aure. Tsuneo ya shekara biyu yana gyara. Wanda ya tsaya masa shi ne Likita Ebisawa, likitan haƙori, shugaban ƙungiyar masu Misago. Shi ya samo masa fitilu daga Hokkaido, shi ya samo gilashin ƙofa, shi ya haɗa shi da mai bugun jikin mota da mai fenti.

Saura mako biyar a yi biki Tsuneo ya leƙo ta saman katanga da hantsi, bayan ya sallami masu sayen awara.

"Goggo, zo ki duba mini haruffan but ɗin nan. Da rula na auna, tazara ɗaya cif tsakanin kowane biyu, amma idona ya ƙi yarda."

Ta zagayo da silifas ɗinta, ta tsaya ta ƙare wa bayan motar kallo. Haruffa shida ne na ƙarfe mai walƙiya, biyu sababbi da ya sayo don maye waɗanda suka ɓace, ya manna su da salatif kafin a kafe.

"Wannan ai bakin tsoho ne," in ji ta. "Nan giɓi, can cunkoso. Kai da rula, ka ɗauka awara kake yankawa?"

Ta sa ya ɓamɓare su, ta aika shi kicin ya kawo dafaffiyar shinkafa cokali ɗaya, ta murje ta da babban yatsa ta zama gam. Ta ce masa ba gefen harafi ake aunawa ba, iskar da ke tsakani ake aunawa. Harafin da ke da gangaren kafaɗa yana barin fili a sama, sai a matso da maƙwabcinsa. Siriri kuma a ba shi wuri ya yi numfashi. Sai ta manna ɗaya, ta ja da baya taku goma, daidai inda motar da ke biye take tsayawa a danja, ta karkata kai, ta dawo ta tura shi kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Sun fi sa'a guda a haka. Da ta gama, Tsuneo ya ɗora rula ya ga babu tazara biyu da suka zo ɗaya, amma da ya ja baya sai ya ga sunan ya zauna kamar da shi aka haifi motar.

Tana dariya tana goge hannu a zanin aikinta ta zagaya gaba. Nan dariyar ta tsaya.

A hancin bonet akwai sabon tambari, shuɗi, da gashin tsuntsu biyu farare da suka sauko daga sama suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tsuneo, wa ya mutu?"

Bai gane ba. Ta kama gaban rigarta ta nuna masa. Ta ce wanda ya kafa kamfanin ɗan mai sayar da kimono ne, kuma gashin tsuntsun nan biyu wuyan riga ne. Shi mai kamfanin cewa ya yi motarsa za ta fita kamar mutum ya yi shiga zai je ziyara. Mai rai kuwa ɓarin hagu yake ɗorawa a kan na dama, yadda hannun dama zai zura cikin ƙirji. Akasin haka gawa ake yi wa. Wannan tambari a juye yake. Motar sanye take da wuyan rigar mamaci, kuma a cikinta za a ɗauki Chizuru ranar aurenta.

Tsuneo ya sosa ƙeya. Ya ce duk 'yan ƙungiya irinsa suke da shi, Likita ne ya sa aka ƙera daga hoton da ke cikin littafin kamfani.

"To littafin ya yi ƙarya," in ji ta.

Ranar Lahadi Likita Ebisawa ya zo a tasa Misago, da hular yadi da farar safar hannu, littafin a cikin leda. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, ya rusuna mata har sau biyu. Ya buɗe shafin a kan bonet. Ga hoto nan babba, gashin tsuntsun a juye kamar na motar. Ya yi bayani cewa tambarin asali babu ko ɗaya da ya rage, wasu sun farfashe, wasu yara sun ɓalle sun yi kan bel, sauran hotuna kuwa ƙanana ne ba a ganin wanne ya hau wanne. Fusae ta gaya masa yadda maigida Yokoi yake sa kowace yarinya ta ɗora tambari a ƙirjinta yana kallon waje, ta zura yatsan dama ƙarƙashin gashin da ke sama, kafin ta sa a kwali. Ta yi hakan ya fi sau dubu uku.

Likita ya yi murmushi irin wanda yake yi wa yaro kafin allura.

"Mizutani-san, shekara hamsin da takwas ba jiya ba ce. Ni kaina sai in nemi tabarau alhali yana goshina."

Ta juya ta kalli Tsuneo. Tsuneo ya kalli takalminsa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana yi maka ɗawainiya ba ka ƙaryata shi a ƙofar gidanka. Da yamma Chizuru ta shigo wurinta ta rungume ta ta baya, ta ce kada Goggo ta damu, 'yan zamani ba sa lura da irin wannan, ita dai ta shiga motar. Wannan ya fi maganar Likita yi mata ciwo. Ba a jima ba magana ta zaga wurin wankan unguwa cewa Fu-chan ta fara rikicewa.

Kwana uku ba mu ji kukan burkin kekenta ba. Daga baya ta gaya mana cewa ita kanta ta fara shakka. Ta tsaya gaban madubi da rigarta, madubi ya juya mata komai, ta rasa dama da hagu, ta zauna a ƙasa. Sai ta lulluɓe madubin da tawul ta tafi rumfa. Ta ɗauki guntun jan ƙarfe ta rufe ido ta bar hannunta ya yi abin da ya saba. Hannun ya juya ƙarfen ya kife shi, babban yatsa ya tafi neman wani abu a baya. Ƙafafu. Kowane tambari yana da 'yan ƙafafu biyu a baya da ke shiga huji a jikin bonet, kuma ba a jere suke ba. Ɗaya a farkon dogon gashin, wato wanda ya hau kan ɗan'uwansa, ɗaya a wutsiyarsa, don kada ma'aikaci ya kafa shi a karkace. Na ƙungiya kuwa kusa ɗaya gare shi a tsakiya. Mai bugun jiki ya cike tsofaffin hujin ya shafe da fenti, amma ta waje kawai ya shafe.

Ta je ta ɗaga bonet ɗin Tsuneo. Hancin ƙarfe biyu ne, na waje da na ciki, tsakaninsu ɗan tsagi da ko yatsa biyu ba ya ɗauka. Ido ba ya kaiwa.

Washegari ta buga waya asibitin Likita Ebisawa ta karɓi layi kamar kowane marar lafiya. Aka kwantar da ita a kujera, aka ɗaura mata ƙyalle a wuya. Da ya ce ta buɗe baki, sai ta zaro haƙoran robarta na sama da na ƙasa ta ajiye a farantin kayan aikinsa.

"Nan babu abin dubawa, Likita," ta ce da bakin da ya koma kamar na jariri. "Mai ciwon tana gida. Ɗauko ɗan madubin nan naka da fitila."

Ma'aikaciyar jinya ta fita da gudu don kada ta yi dariya a gabansa. Shi kuma, mu ba shi haƙƙinsa, da ya saurari zancen ƙafafun sai ya cire tabarau ya goge, ya ce zai zo lokacin hutun rana.

Ya zo da farar rigarsa ta aiki. Tsuneo ya riƙe bonet, Likita ya sunkuya ya zura madubi mai dogon mariƙi cikin tsagin, fitila a goshinsa. Ya daɗe yana juya shi a hankali.

"Akwai cike guda biyu," ya ce da muryar da yake yi wa ma'aikaciyarsa magana. "Aikin banza ma aka yi, an bar tudu."

Fusae ta ce ba ta yarda da madubi ba, ya riga ya ruɗa ta sau ɗaya a makon nan. Sai ya zura tsinken da yake ƙwanƙwasa haƙori da shi, ya riƙa bugun ciken ta ciki, Tsuneo yana lalube da yatsa ta waje har ya ji inda ƙarfe ke motsi, Fusae ta ɗiga ƙwayar shinkafa a wurin. Aka yi na biyu. Aka sauke bonet, su uku suka ja baya. Ga mai fuskantar mota, ƙwaya ɗaya tana sama ta dama, ɗaya tana ƙasa ta hagu. Tsakaninsu kuwa dogon gashin tambarin ƙungiya ya gitta ta ɗaya hanyar.

Likita ya juya. Ya tafi wurin tasa motar, ya ɗaga bonet, ya zura madubi. Da ya ɗago, kunnuwansa sun yi ja.

"An juya fim ɗin hoton a wurin buga littafi," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina yawo da gawa. Har kofi biyu na ci da ita a gasa."

Ya cire fitilar goshi, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna wa Fusae har farar rigarsa ta taɓa gwiwa, ya daɗe bai ɗago ba. Ita ce ta gaji ta ce ya tashi kafin bayansa ya riƙe ta rasa mai gyara mata haƙora. A makon ya rubuta wa 'yan ƙungiya su arba'in da ɗaya wasiƙa da hannunsa, kuma tun daga ranar Malama yake kiranta. Daga baya sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu sabon tambari ɗaya a wata, tana yi musu faɗa kan yadda suka jera haruffa. Amma a lokacin ta ce kowa ya jira, saura mako uku da kwana biyu, kuma mota ɗaya ce a gabanta.

Tambarin ba a gyara shi, sabo za a yi, kuma injin da ke buga ƙarfen ya zama tarihi. Da zarto ɗan siriri ta yanke jan ƙarfe, ta goge gefe da magagari, ta liƙa ƙafafun biyu bisa awon ƙwayoyin shinkafa. Ta lanƙwasa zaren azurfa da hantsaki ta fitar da gashin tsuntsu, zare ɗaya ɗaya, tabarau biyu a hancinta, ɗaya kan ɗaya. Shuɗin ne ya ba ta wahala. Na ƙungiya shuɗin bokitin roba ne, in ji ta. Na asali shuɗin rigar manomi ne da aka rina sau da yawa, mai duhu, sai rana ta buga shi yake buɗewa. Ta haɗa gari kala uku, ta wanke sau bakwai, ta gasa gwaji a kan guntaye har guda tara kafin ta yarda.

Na farko ya fito daga wuta lafiya. Tana ajiye shi ya huce sai Tsuneo ya banko ƙofar rumfa da kwanon awara mai zafi a hannu, iskar kaka ta biyo shi, aka ji ƙas. Tsagi daga sama har ƙasa. Ta bi shi da tsintsiya har bakin titi, yana gudu yana kare kwanon, tana ce masa tun yana goye ba ya shiga wuri sai ya yi ɓarna. Ta dawo ta cinye awarar, ta sake yanka ƙarfe. A karo na biyu ta rubuta takarda ta manna a ƙofa: Tsuneo da iska, a tsaya waje.

Sau huɗu ya shiga wuta, kowane karo ta ƙara gari inda ya lotsa. Sannan gugar dutse, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarshe gawayi da ruwa, har azurfar ta fito daidai da gilashin, yatsa ya wuce bai ji gaɓa ba. Likita da kansa ya huda tsofaffin ciken da wani tsohon injin haƙori, yana ce wa motar ta yi haƙuri saura kaɗan. Kwana biyu kafin biki Fusae ta ɗora tambarin a ƙirjinta yana kallon waje, ta bi ƙarƙashin dogon gashin da yatsan dama, sannan ta miƙa wa Tsuneo. Ƙafafun suka shige hujin da aka yi musu tun kafin a haife shi, ba tare da an tura ba.

Ranar biki gari ya yi haske, da ɗan sanyi. Chizuru ta fito cikin farin kimono, mai kwalliya tana riƙe mata gefe. Fusae ta tare ta a bakin ƙofa, ta gyara mata wuyan riga da ba ya bukatar gyara, hannunta ya daɗe a wurin. Ta yi niyyar bin su a bas tare da mu, amma Chizuru ta ce motar ba za ta tashi ba sai Goggo tana gaba. Haka aka tura ta ciki, tana cewa kujerar ta yi ƙasa, tana riƙe da jakarta a cinya da hannu biyu. Ita da ta yi wa Misago tambari fiye da dubu uku, ranar ta fara shiga cikinta.

Tsuneo ya ja a hankali. Duk tsofaffin unguwa sun fito bakin ƙofofinsu, har da waɗanda suka ce ta rikice, matan da ke hango karkataccen ɗinki daga tsallaken titi. Fusae ta ce ba amarya take kallo ba, idanunsu take kallo. Kowace ta dubi motar, idonta ya wuce ta kan hancin bonet bai tsaya ba, ya tafi kan Chizuru. Babu wadda ta ɗaure fuska, babu wadda ta raɗa wa ta kusa da ita komai.

Da suka fita babban titi ta saki jakar, ta laluba ta sami abin murɗa gilashi, ta sauke shi har ƙasa. Tsuneo ya ce iska za ta ɓata wa amarya gashi. Chizuru daga baya ta ce a bar ta. Muna cikin bas a bayansu muna hango gwiwar hannunta a kan taga, Fu-chan ɗinmu, tana ɗaga wa mutanen da ba ta sani ba hannu har ƙofar wurin ɗaurin aure.